Hoton Cigiya

Alisabatu ta dangwara album ɗin a teburin Tobias har kofin shayinsa ya yi tsalle.

"Buɗe," ta ce. "Buɗe ka gani da idonka, tunda kana gani kamar wasa na zo yi."

Tobias bai ce wasa ta zo yi ba. Abin da ya faɗa kawai shi ne ba a buga takardar cigiya da hoton waya irin wanda ta nuna masa, a kawo na gaske. Shekara goma sha biyar ke nan yana buga katin biki da kalandar coci da fostar 'yan siyasa a wannan ɗan shago da ke unguwar Barade a Jalingo, kuma ya san Murna, 'yar Alisabatu, tun tana goye a bayan uwarta. Amma matar da 'yarta ta kwana ba a san inda take ba, ba a tsayawa gyara mata magana. Ya ja album ya buɗe.

Hoton 'yan kwayar coci ne a farko, 'yan mata goma sha huɗu cikin fari da shuɗi, kawuna goma sha uku. Na gaba ranar gama sakandare, ga Alisabatu ta sha ɗaurin ɗankwali tana washe baki, ta dafa kafaɗar wata yarinya da babu kai. Haka shafi bayan shafi. An bi su da reza ɗaya bayan ɗaya an ƙwaƙule fuskar tsaf, yankan wanda ya zauna ya ba abin lokaci. Hotunan jarirantaka kaɗai aka ƙyale.

"Yesu," in ji Tobias a hankali. "Yaushe ta yi wannan?"

"Ni kake tambaya? Ni ina kasuwa ina ɗaga doya daga safe har yamma, don ta ci ta ƙoshi ta sa data a waya. Yau da safe na ciro shi ƙarƙashin akwati na ga wannan."

A bakin ƙofa Ruwaida ke tsaye, ƙawar Murna, 'yar maƙwabtansu a unguwar Sintali, ta ƙanƙame wayarta da hannu biyu kamar za a ƙwace. Ita ce jiya da yamma ta zauna ta warware wa Alisabatu abin da rabin Jalingo ta sani ban da ita. Ashe Murna tana da suna a waya. Mutum dubu goma sha ɗaya ke bin shafinta, suna kiranta Zinariya, kuma yarinyar da suke bi fara ce sol, mai siririn hanci da ɗan ƙaramin baki, haƙora a jere babu ko tsaga. Akwai wani abu da ake dannawa, filta, shi ke wannan aiki cikin ƙiftawar ido. Ran Asabar wata mai sayar da kayan kwalliya ta gayyaci Zinariya buɗe sabon shago, ita kuwa da ƙuruciya ta ɗauki ƙafa ta je. Wani ɗan banza a cikin taron ya ɗauke ta bidiyo tana dariya, da baƙinta da faffaɗan hancinta da wushiryarta, ya jera da hoton shafinta, ya ɗora sautin shewa a kai ya saki. Kafin Litinin an kalla sau dubu ɗari biyu.

Ran Talata, wato jiya, Alisabatu ta dawo daga kasuwa ta tarar da ɗaki a share, kwanuka a wanke, wayar Murna a kashe a ƙarƙashin matashi. Wayar nan ce ta tayar mata da hankali. Yarinyar da ke shiga bayi da waya, in ta ajiye ta ta fita, ai ba unguwa ta tafi ba.

"Maman Murna," Tobias ya ce yana rufe album, "akwai hoto ɗaya na gaske. Wannan bidiyon. Ruwaida tana da shi. Zan tsayar da shi in ciro fuskan, ya fita tas."

"Ka ce me?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nema muke yi, ba biki ba."

Da ma ya yi shiru ya sha shayinsa. Alisabatu ta dafa teburin da hannu biyu ta sunkuyo har yana jin hucinta.

"Abin da ya kore ta daga gida, shi zan manna a kowane bango na Jalingo? Da hannu na? In tana wani lungu ta leƙo, ta ga uwarta ta ƙarasa aikin da 'yan iska suka fara? Ruwaida! Karanta masa abin da suka rubuta."

"Mama, don Allah..."

"Karanta na ce!"

Ruwaida ta sunkuyar da kai kan wayar. "Wani ya ce gawayi ne a takardar alewa. Wata ta ce bukka ce aka yi wa fenti."

"Na ƙarshen. Wanda kika tsallake jiya sai da na matsa miki."

"Ya ce wannan fuska ai tallan doya ya kamace ta."



"Doya," in ji Alisabatu. "Wanda ya rubuta wannan, uwarsa ta daka masa sakwara ya haɗiya ya lashe hannu, sannan ya ɗauki waya da wannan hannun. Allah ya isa tsakani na da shi." Ta nuna hoton Zinariya da yatsa. "Buga wannan. Shi ta zaɓa wa kanta. In ta gani ba za ta ji kunya ba."

Tobias ya ɗaga kafaɗa ya juya ga kwamfuta. Ya rubuta CIGIYA da manyan baƙaƙe, ya sa suna, shekara goma sha tara, da lambar uwar. Ya ɗan tsaya.

"To aƙalla in rubuta a ƙasa cewa baƙa ce?"

"Rubuta wankan tarwaɗa."

Ya rubuta. Ya buga guda hamsin.

Tashar motocin Lau suka fara zuwa, don marigayi Philemon, uban Murna, mutumin can ne, ko da yake danginsa sun ce a waya ba su gan ta ba. Rana tuni ta fara dukan tsakar ka. Ruwaida na shafa gam, Alisabatu na mannawa, tana bin mota mota tana cusa wa mutane takardar a ido. Wani dogon direba da ake kira Jibrilla ya karɓa ya duba ya daɗe, tsinken sakace a baki.

"Kai, Dada," ya ce, yadda ake kiran uwa a nan. "Irin wannan in ta shiga mota na, har gobe ƙamshi na nan. Ban gan ta ba."

'Yan kamasho suka kwashe da dariya. Alisabatu ta nuna hoton da yatsa.

"Ta ɗan fi haka duhu."

"Duhu kamar yaya?"

"Kaɗan."

"Ko da kaɗan ɗin, ban ɗauka ba. Allah ya bayyana."

Haka aka yi a tashar Zing, haka a ta Wukari, haka a bakin babbar kasuwa. Kowa ya karɓa sai ya fara cewa masha Allah kafin ya ce Allah ya bayyana, kuma masha Allah ɗin ta fi fitowa daga zuci. Kafin sha biyu wayarta ta fara ƙara. Na farko ya tambaya ko yarinyar tana da aure. Na biyu ya ce shi bai gan ta ba, amma in an same ta a ba shi lambarta ya yi mata jaje. Alisabatu ta zage shi da Hausa, Hausar ta ƙare ta koma yarenta na Mumuye, har mai keken da ya ɗauko su ya waiwayo.

A asibiti wata nas mai tabarau ta duba takardar ta duba littafinta.

"Ba a kawo farar yarinya ba tun shekaranjiya."

"Ba fara ba ce sosai."

"Madam, ki faɗa min gaskiya, don akwai waɗanda ake kawowa ba sa iya faɗin sunansu. Baƙa ce ko fara?"

Alisabatu ta sunkuyar da kai. "Baƙa ce."

"To wannan wace ce?"

Ba ta amsa ba. Nas ɗin ta sake bin littafin da yatsa layi layi, ta ce ba a kawo baƙa mai wannan shekarun ba ita ma, a gode wa Allah. Suka fito.

A cikin keke ne abin da take gudu tun jiya ya cim mata. Ran Kirsimetin bara Murna ta zo ta zauna kusa da ita a tabarma ta nuna mata wannan hoton. Alisabatu ta yi guɗa. Ta sa aka ɗora mata shi a fuskar tata wayar, ta bi rumfunan kasuwar doya tana nunawa, kun ga yarinya na? Kuma a ranar, a kan tabarmar nan, ta dafa gwiwar 'yarta ta ce, "Kai, da haka Allah ya yi ki, ai da tuni motoci sun yi layi a ƙofar gidan nan." Wasa ne. Murna ma ta yi dariya, har da rufe baki da hannu. Yanzu ne Alisabatu ta tuna cewa tun daga lokacin kullum da hannu a baki take dariya. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Abin da ya fi ƙona mata rai, ita ma an yi mata dariyar hancin nan tana budurwa. Amma waccan dariyar bakin rijiya ce, mutum biyar ko shida, da an ɗauki tulu an watse, ka dawo gida uwarka ta ce rabu da su, ka ci tuwo ka manta. Philemon ma cewa yake wushiryar ce ta hana shi barci har ya kai kuɗin aure. Wannan kuwa rijiya ce da ba a watsewa, tana cikin aljihun yarinya, tana ƙarƙashin matashinta, mutum dubu ɗari biyu sun kewaye ta suna shewa, ita kuma uwar tana nan tana cinikin ƙwaryar doya ba ta ji ko tari ba. Ta ji haushin wayar, ta ji haushin masu wayar, ta ji haushin Murna, amma duk a bayan haushin kanta suke.

Ana kiran azahar wayar ta sake ƙara.

"Ke ce mai cigiya? Ki zo tashan Lau yanzu yanzu. Mun kama ta!"

Alisabatu ba ta san lokacin da ta daki bayan mai keke ba. Duk hanya tana cewa na gode Yesu, na gode Yesu, Ruwaida na kuka a gefenta. Keke bai gama tsayawa ba ta diro, takalmi ɗaya ya fita ba ta waiwaya ba. Mutane sun yi da'ira kusa da rumfar mai shayi. Ta ratsa su da kafaɗa.

Wata farar yarinya ce siririya a tsakiya, da jakar makaranta a ƙirji, fuska jage-jage da hawaye. 'Yan kamasho biyu sun tare mata gaba da baya, ɗaya ya ɗaga takardar cigiyar ya kara kusa da kuncinta yana nuna wa jama'a.

"Ga ta nan sak! Tun ɗazu take ƙarya wai sunanta Hamna, wai gida za ta. Mama, sai a ba mu goro."

"Wallahi ni ban san ta ba," in ji yarinyar. "Baba, don Allah ki gaya musu."

Alisabatu ta tsaya tana kallonta. Gaskiyar ɗan kamasho ne, ta yi kama da hoton, ta ma fi Murna kama da shi nesa ba kusa ba. Takardar ta yi aikinta, ta nemo wadda aka zana a jikinta. Amma kama da wane ba ta wane.

"Ku sake ta," ta ce. "Ku sake 'yar mutane!"

Ta fizge takardar daga hannunsa ta yaga biyu. Ta juya ga bangon da ta manna da safe, ta sa farce ta ɓamɓare, ta koma jikin rumfa ta ɓamɓare wata. Wani ya ce matar nan ta zare. Ta jiyo shi. Ta juyo, ta cire ɗankwalinta ta goge zufar fuska da shi ta jefar a ƙasa, ta tsaya a tsakiyar tasha da kai a buɗe da ƙafa ɗaya babu takalmi.

"Ku kalle ni!" ta ce da muryar da take kiran 'yan dako daga ƙarshen kasuwa. "Ku bar takarda, takarda ƙarya ne, ni na buga ƙaryan da kaina. Ni za ku kalla! Yarinya na baƙa ce kamar ni. Wannan goshin ne. Wannan hancin ne, kun gan shi, ba ya ɓuya." Ta sa yatsa ta ɗage leɓenta na sama. "Ga wushirya, ita ma haka. Ku cire min shekara ashirin da biyar, ku cire wahala, ita ce a gabanku. Fuskar tallan doya, in ji 'ya'yanku masu waya. To ga mai doyan ta zo da kanta. Wanda zai yi dariya ya yi yanzu ina tsaye!"

Babu wanda ya yi. Mai shayi ya sauke butarsa. Wani saurayi da ya fara ɗaga waya zai ɗauka, tsohon da ke kusa da shi ya danne masa hannu.

Jibrilla, dogon direban safe, yana jingine da motarsa yana shan ruwan leda. Ya sauke ledar daga bakinsa a hankali, ya matso, ya dube ta kamar yau ya fara ganinta.

"Dada," ya ce. "Tana da ƙaramin jaka baƙi? Atamfa mai ruwan ganye?"

Alisabatu ta gyaɗa kai da sauri. Ruwaida ta riƙe ta.

"Jiya wajen ƙarfe goma. Ta zauna a baya can lungu, ta rufe fuska da gyale duk hanya. Sai a shingen bincike da aka ce kowa ya buɗe, na gan ta a madubi. Wallahi tallahi, da safe da kin ce in kalle ki, da na gaya miki tun safe."

"Tun safe ina tsaye a gabanka!"

"Takarda kika ba ni, Dada. Takarda na kalla."

"Ina ka sauke ta?"

Jibrilla ya dubi ƙasa, ya murza ledar ruwan a hannu.

"Ina ka sauke ta, na ce!"

"A Lau. Ta tambaye ni hanyan bakin kogi."

Saura mutum uku motar ta cika, amma Jibrilla bai jira ba, kuma babu ɗan kamashon da ya yi masa magana. Yarinyar nan Hamna ce ta tsinto ɗankwalin ta kakkaɓe ta miƙa mata, wani ya kawo takalmin. Alisabatu ta leƙo ta taga ta ce wa Ruwaida, "Ki bi duk inda muka manna ki cire. Ko ɗaya kar ki bari." Sauran takardun, wajen ashirin, suna cikin jakarta.

Hanyar Lau ba ta san mai sauri ba. Mota na faɗawa rami tana fita, ita kuwa Alisabatu tana zaune a gaba ta dunƙule hannu a cinya. Ba ta yarda ta yi tunanin kogin ba. Duk lokacin da ruwan ya taso mata a ido, sai ta kore shi da fushi, don fushi ya fi sauƙin riƙewa. Ta shirya marin da za ta yi wa Murna, ta zaɓi kuncin, ta shirya maganar da za ta biyo baya. Ni da na yi naƙudarki kwana biyu. Ni da na binne ubanki na riƙe ki ni kaɗai. Ki ɗauki reza ki yanke fuskar da na ba ki, kamar wani ɓawon doya. Sai ta tuna tabarmar Kirsimeti, maganar ta tsinke, ta sake farowa daga marin.

La'asar ta yi sanyi lokacin da Jibrilla ya wuce tasha ya kai ta har inda mota ke iya zuwa. Kogin Binuwai ya ja baya saboda rani, ya bar yashi fari mai faɗi, ga kwale-kwale a jere, ga hayaƙin bandar kifi yana tashi daga rumfuna. Ta sauka. Ruwan na can yana tafiyarsa ba ruwansa da kowa. Ta buɗe baki za ta fara tambaya, ba ta ma san wa za ta fara tambaya ba.

"Kin zo."

Wata tsohuwa ce a rumfar farko, tana juya kifi a kan ragar ƙarfe da hannu ba ta jin zafi. Ba ta ko miƙe ba.

"Ke ce uwan. Tun daga inda kika sauka na gane ki. Ni ce Maman Job, zo ki zauna."

"Tana ina? Tana da rai?"

"Da rai, har ta ci tuwo na sau biyu." Tsohuwar ta juya wani kifin. "Jiya na gan ta a kan wancan fasasshen kwale-kwale, daga azahar har rana ya kusa faɗuwa, tana kallon ruwa. Ni a bakin kogin nan na tsufa, na san kallon mai jiran jirgi, na san ɗayan kallon. Na ce ke, zo ki riƙe min wuta, baya na yana ciwo. Ba ta gaya min suna ba, ba ta gaya min gari ba. Na ce uwanki zai zo nema. Ta ce ko an zo ba wanda zai gane ta." Ta yi 'yar dariya. "Ga shi kuwa kin zo da ita a fuska."

Ta nuna bayan rumfar da haɓa.

Murna na durƙushe gaban wani murhun banda, tana jera tarwaɗa a kan raga, atamfar mai ruwan ganye ta yi baƙi da toka, idanu jawur saboda hayaƙi. Ta ɗago. Kifin da ke hannunta ya faɗi. Ba ta gudu ba, ba ta ce Mama ba, sai ta ɗaga hannu da sauri ta kare fuskarta da shi.

Wannan ne ya ƙarasa Alisabatu. Ta taka yashin da ƙarfi, hannun dama a sama, marin da ta yi wa tanadi tun daga Jalingo yana cikinsa. Hannun ya sauko, ya cafki wuyan hannun yarinyar.

"Sauke."

"Mama, kar ki kalle ni."

"Sauke hannun nan! Ni za ki ɓoye wa? Ni da na fara ganinta kafin ke?"

Ta ja da ƙarfin mai ɗaga doya, hannun ya sauko. Ga goshin, ga hancin, ga leɓen. Alisabatu ta kalla ta ƙara kalla, kamar mai ƙishi da ya samu randa.

"Tun safe nake yawo da waccan farar a Jalingo," ta ce. "Tasha uku, kasuwa, asibiti. Ba wanda ya san ta. Sai maza masu neman lamba. Har 'yar mutane aka kama saboda ita. Da wannan na same ki, kin ji? Da wannan!" Ta daki kuncin kanta da ɗayan hannun.

"Ke ma kin fi son ta," in ji Murna. A hankali ta faɗa, ba da tsiwa ba. "Ita ce a wayarki. Ita kike nuna wa mutane a kasuwa. Kin ce da haka Allah ya yi ni."

Alisabatu ta nemi duk maganar da ta shirya a mota ta rasa. Gara zagin dubu ɗari biyun nan da wannan, don waɗancan ba su san yarinyar ba.

"Na faɗa," ta ce. "Baki na ne ya faɗa, ban ce wani ba. Wauta na yi, Murna, wautar tsohuwa, kuma ta fi ta yara muni."

Murna ta fashe da kuka, irin mai fitowa daga ciki, baki a buɗe, wushirya a waje. Ta yi ƙoƙarin ɗaga hannun ta rufe, uwar ta ƙi saki. Jakar Alisabatu ta zame daga kafaɗa ta faɗi, takardun suka zube a yashi.

Maman Job, wadda ta biyo su tana dafa ƙugu, ta sunkuya ta ɗauki ɗaya. Ba ta iya karatu ba, hoton kawai ta nisanta da ido ta duba.

"Ikon Allah," ta ce. "Wannan kyakkyawan kuma 'yar waye?"

Murna ta tsaida kukan, ta ɗago jajayen idanunta ta zuba wa uwarta. Alisabatu ta dubi hoton. Shi ne dai, wanda ta yi wa guɗa, wanda ta zaga rumfuna da shi.

"Ban san ta ba," ta ce. "Ba 'yar gida na ba ce. In kina son takarda ki hura wuta, ga su nan da yawa."

Ta durƙusa ta tattara sauran ta miƙa wa tsohuwar, ta ce a gafarce ta da hagu. Hannun daman yana riƙe da wuyan hannun Murna, kuma ba ta da niyyar saki.